Wanda Zai Canji Baba

Buckhorn Ridge, Karolina ta Arewa
23 ga Oktoba, 1967

Zuwa ga Gwaggo Maybelle,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya sanyin Ohio? Mama na gaishe ki. Makaranta lafiya lau, na zo ta biyu a lissafi.

Gwaggo, na daɗe riƙe da biro kafin in iya farawa. Baba ya faɗo daga rumfar busar da taba, haƙarƙarinsa uku sun karye. Ga tseren motoci na ƙarshe na bana ranar Asabar ta sama, kuma shi ke gaba a maki, Mista Coy Tillery na bin sa a baya. Bai taɓa kusantar kofin nan haka ba.

Kin san dokarsu: wanda ya tayar da mota shi ke da maki, ko da wani ne ya ƙarasa. To, Baba zai fara, da an ɗaga tuta rawaya ta alamar haɗari ya tsaya a canje shi. Wanda zai canje shi kuwa ɗanki Yaya Wendell ne. A wurin cin abinci ya ce, "Kawu, ka ba ni ita mana, ai tsufa ya kama ka." Baba ya ce, "Kai da ko gemu ba ka tsirar ba?" Suka yi ta dariya. Mama ta tashi ta bar musu teburin.

Na san aikin masaƙa kika turo shi yi, ba wannan ba. Ba wanda ya sa ni rubutowa. Ki yafe mini idan na yi shisshigi.

'Yarki,
Darlene

Dayton, Ohio
27 ga Oktoba

Darlene 'yata,

Na gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Karanta wa ubanki wannan da ƙarfi, kada ki tsallake ko kalma.

Hoyt, kai ka jawo mijina Grady daga cikin motarsa a filin tseren nan, kai ka zo ƙofata ka gaya mini na zama gwauruwa. Yaro ɗaya ya bar mini. In ka ɗora shi a kujerar nan, ko ya fito lafiya, ba ni ba kai har abada. Kofin gwangwani ne, Hoyt! Ka sha ruwa da moɗa.

Ki gaishe da mamanki.

Gwaggonki

Buckhorn Ridge
6 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Yaya Wendell lafiyarsa ƙalau, na fara da wannan don hankalinki ya kwanta. Baba ne ke asibiti.

Na karanta masa wasiƙarki. Ya tashi ya fita wurin mota. Na ɗauka ya ƙi.

Ranar Asabar aka naɗe masa ƙirji da bandeji, mutum biyu suka zura shi ta taga, tunda ƙofofin a liƙe suke da walda. Ba a barin mata wurin makanikai, sai na tsaya jikin shingen waya ta baya. Ba a jima ba wata mota ta daki katanga, aka ɗaga rawaya. Baba ya shigo wurin makanikai. Yaya Wendell ya rugo da hular kwano a kai, har ya kama bakin taga.

"Fito, Kawu! Yi sauri!"

Baba ya dube shi. Gwaggo, ban taɓa ganin irin wannan kallo ba. Sai ya ɓamɓare yatsun Yaya Wendell daga taga.

"Koma ka riƙe musu taya, ɗan Maybelle."

Mista Odell makanike ya daka tsawa, "Hoyt, ka haukace ne? Ka kashe ta kawai mu tafi gida!" Baba ya ce, "In bar wa Coy? Sai dai a ɗauke ni." Ya fizgi mota, jar ƙasa ta watsu mana a fuska.

Da hannu ɗaya ya yi sauran tseren. Duk kwanar da ya sha ina ganin kansa na langaɓewa. Wata mata kusa da ni ta ce, "Wannan a buge yake." Ni da ba na iya ɗaga murya a aji, na ce mata ubana ne, ta yi mini shiru.

Ya ƙarasa na tara. Mista Coy ya ɗauki kofi. Kowa ya fito daga motarsa, ban da Baba. Da muka isa, jini na bin haɓarsa, hannunsa ya ƙage a sitiyari. Sai da aka yanke rufin motar. Likita ya ce haƙarƙari ya huda huhu, zai rayu, amma shi da tsere har abada.

Akwai saura, kuma ban san yadda zan faɗa ba. Yaya Wendell bai je asibiti ba. Ya ce Kawu ya tozarta shi gaban duk gari. Jiya bayan coci Mista Coy ya tare shi ya ce yana da mota ta biyu da ba direba. Ya amsa, Gwaggo. Zai fara da bazara. Ya kwashe kayansa ya koma ɗakin da ke bayan garejinsu.

Ban gaya wa Baba ba. Da ƙyar yake magana, amma yau ya kama hannuna ya ce, "Ki rubuta wa gwaggonki, ki ce yaronta na nan yadda ta ba ni shi." Ga shi na rubuta. Me zan ce masa?

'Yarki,
Darlene

Dayton
10 ga Nuwamba

Darlene,

Kada ki ce masa komai, ni zan faɗa masa da bakina. Ina tafe a bas ɗin Alhamis, ki shimfiɗa mini a ɗakinki.

Wendell kuwa, ba zan roƙe shi ba. Na roƙi ubansa, bai ji ba. Ki tambayo mini lambar da za su rubuta a jikin motar. In dai sai ya shiga, gara in san wadda zan bi da ido.

Sai na zo.

Gwaggonki