Baffa Ya Koma Kiwo a Cikin Baho

Durba, Kibiya

Zuwa ga Yayana Dalhatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Hidaya da yara, Ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, Ya tsare ku da sharrin garin Legas. Mu nan kowa lafiya. Damina ta yi kyau, geron bayan gida har ya fi ƙarfin katanga. Inna ta samu sauƙin ciwon bayan nan, Fanta matar Mahdi kuma ta yaye Adnan ba tare da wani rikici ba. Na zaɓi in rubuto ne maimakon waya, don labarin Baffa ne, kuma ba na so katsewar layi ta raba mini shi biyu.

Ka san yadda ka bar shi. Tun da ƙafarsa ta hana shi bin shanu, kuka yanke shawarar ɗan'uwanmu Mahdi ya wuce da su can Taraba, Baffa ya koma zaman tabarma. Na san da kyakkyawar niyya ka tsaya a kan maganar, amma shi bai ɗauke ta haka ba, shi ya sa in ka kira yake cewa a ce maka yana hutawa. Abin ya fi yadda muke faɗa maka muni. Furar da Inna ke dama masa sai ta yini a rufe, sallah a zaune yake yi a ɗaki, kuma akwai ranar da na ƙirga, kalma biyar ya furta tun safe.

To, a makarantarmu ta Rano akwai wani akwatin gilashi da muke ajiye ƙananan kifaye don koya wa ɗalibai kimiyya. Mai sayarwa a Kano ya ce sunansu gufi. Ba su kai ɗan yatsa ba, ba a cin su, kallo kawai ake yi. Mazan ƙanana ne masu faffaɗar wutsiya mai launi, matan sun fi girma amma ba ado. Da aka yi dogon hutu ba mai ba su abinci, sai Hajiya Suwaiba, shugabarmu, ta ce in tafi da su gida. Na rasa inda zan ajiye su rana ba ta buga ba, sai rumfar Baffa. Shi kuwa ya juya musu baya.

A kwana na huɗu ina zuba musu abinci sai na ji muryarsa, yana cewa waccan mai ƙaton cikin ta kusa sauka. Ya ce tun jiya ta ware kanta a lungu, ta ƙi ci, ga baƙin tabo ya ƙara duhu a ƙasan cikinta. Inna ta yi dariya ta ce ina aka taɓa jin kifi ya haihu, ai ƙwai yake yi. Na ce mata wannan irin haihuwa yake yi kamar akuya. Washegari da hantsi kuwa sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, ido biyu da ɗan siririn jiki. Muna cikin murna sai manyan suka bi su suna haɗiyewa, har da uwar. Kafin in samo kofi in kwashe, cikin kusan ashirin, huɗu kawai suka rage.

Yaya, ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Baffa ya yi mini tas. Ya ce wace irin malama ce ni da zan bar mai naƙuda a tsakiyar garke, ya ce ko yaron da ya fara riƙe sanda jiya ya san a ware. Inna tana bakin murhu tana share hawaye da gefen mayafi, don rabon da ta ji ya ɗaga murya tun kafin azumi. A take ya sa na wanke babban bahon nan shuɗi, ya ce kada in zuba ruwan rijiya kai-tsaye, in bar shi ya kwana ya huce tukuna. Ya aiki Fanta kududdufi ta ɗebo kainuwa, ya wanke ta da hannunsa, ya ce jariran za su samu maɓoya a cikin saiwoyinta.

Da mace ta biyu ta nuna alama bayan mako guda, ya riga ya shirya. Ya ɗauki kwandon roban da Inna ke tsane shinkafa, ya nutsa rabinsa a bahon, ya sa uwar a ciki. Duk wanda ta haifa sai ya zurare ta ƙofofin kwandon ya tsira. Ashirin da bakwai, ba wanda ya salwanta. Inna har yau tana cigiyar kwandonta, shi kuma ya ce ya zama ɗakin haihuwa, sai dai ta sayi wani.

Ba a rasa kuskure ba. Gwaiduwar dafaffen ƙwai muke murje musu, kuma wata rana tausayi ya sa Baffa ya zuba da yawa. Ruwan ya yi fari ya fara wari, muka rasa shida. Ranar bai ci abincin rana ba, na ji tsoro ƙwarai kada ya koma gidan jiya. Amma da la'asar ya kira ni ya ce laifinsa ne, daga yau abin da ya maƙale a kan tsinken tsintsiya ya ishe su, sau uku a rana, kuma duk bayan kwana biyu a rage ruwan kaɗan a ƙara wanda ya kwana. Da suka ɗan tasa na gaya masa suna son tsutsar sauro. Washegari na fito ban gan shi a rumfa ba. Can na hango shi bayan gida, sanda a hannu ɗaya, rariya a ɗayan, yana duba tsofaffin tukwanen da ruwan sama ya taru a ciki. Daga nan zuwa masallaci taku kaɗan ne, kuma tun ranar a can yake azahar da la'asar.

Abin da ya dame ni shi ne komawa makaranta, don akwatin ba nawa ba ne. Na kwashe labarin duka na gaya wa Hajiya Suwaiba. Ta ce in mayar da iyayen kawai, 'ya'yan na wanda ya raine su ne, kuma in ɗalibai sun kai darasin haihuwa za ta so ya zo ya yi musu bayani da bakinsa. Baffa ya ce shi bai yi boko ba, amma na ga ya sa an wanke babbar rigarsa. Yanzu bahonsa uku. Mazan sun fara fitar da launi, ya raba su da matan, kowanne ya san shi da kamanninsa. Malam Ramalan da sauran dattawa kullum suna rumfar bayan la'asar, ana musun wanne ya fi kyawun wutsiya.

Ga saƙon da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya ya ce duk kifayen nan 'yan gida ɗaya ne, in aka bar su suna haɗuwa da juna iri zai lalace, dole a kawo namiji daga nesa. Yana son mai jar wutsiya. Na ce ranar Asabar zan shiga Kano in samo masa. Sai ya ce a'a, ya ji an ce na Legas sun fi ƙwari, in rubuta wa Dalhatu. Ya ƙara da cewa kada ka ba direba, direba ba zai kula da ruwan ba, ka riƙo shi da hannunka. Sau biyu ya maimaita wannan, yana kallon bahon, bai kalle ni ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka faɗi ranar don ta tanadi nono. Fanta da Adnan suna gaisuwa, Mahdi ma ya kira ya ce shanu lafiya. Ka gaishe mini da Anti Hidaya, da Amiru, da Halima Sadiya. In ka tashi, ka sa kifin a kwalba mai faɗin baki, kada ka cika ta, kuma ka riƙa buɗewa a hanya yana shan iska.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Rukayya