Dutsen da ake kira da sunanka

Zuwa ga aminina Ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima.

Bari in fara gaya maka inda na kai, tunda ba ka nan aka yi. Makarantar midil ban gama ta ba, ka sani. Na yi yaron mota, na yi direba, yau tifofina ne ke zuba tsakuwa a titunan da ake shimfiɗawa da arzikin mai. Na gina bene a Kazaure, na sauke farali, na kai Inna ita ma. Ko akuya ban gada ba. Wanda ya ce ya ɗaga ni, ya fito ya faɗa.

Amma saman benen nan, Ilu, ban taɓa kwana a cikinsa ba. Da na taka matakala sai in juyo ƙasa. Iyali kuwa na ce musu zafi ne ya yi yawa a sama.

Ka tuna ƙarshen azumin shekarar da aka sami mulkin kai. Muka hau dutsen bayan garinmu duban wata, don liman ya ce idonmu ya fi na kowa. Kana gaba ba takalmi, kana min tsiya: "Haladu, baki na sarki, ƙafa ta kuturu." Rana ta faɗi muna ƙololuwa, ko ruwa ba mu sha ba. Ka miƙa yatsa ka ce, "Ga shi can!" Ka matsa gefe don ka ba ni wuri. Ashe gefen babu dutse.

Na gangara na same ka a tsakanin duwatsu. Na kira ka, na kira ka, sannan na rufe maka ido. Sai na sa hannu a aljihunka na ciro dabinon buɗa-bakinmu, na zauna kusa da kai na cinye, har da rabonka. Yunwa nake ji. Har yau ban gane wane irin mutum ne yunwa ke kamawa a irin wannan wuri ba.

Na goya ka da rigata na sauko. Da na iso ƙofar masallaci, kana bayana, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Mun ga wata." Liman ya ce ni ma na gani da idona? Har yau ban tabbata ba. Wani lokaci ina tuna watan ƙarara, wani lokaci yatsanka kawai nake gani.

A jana'iza ban yi kuka ba. Gwaggo, mahaifiyarka, ta daɗe tana kallona. Kukan bai zo ba sai bayan shekaru, a gareji, ana canza min taya, har bakanike ya zaci wani ne ya rasu a ranar.

Ga abin da ya sa na rubuto. Injiniyan hanya ya ce tsakuwar dutsen nan babu kamarta. Yana so a sa masa nakiya, motocina su kwashe, kuma sai na yarda, don babu mai tifa a nan sai ni. Da safe nakan ji ina so a niƙe shi in bi ta kansa da mota. Da yamma sai in ji kamar kabarinka za a tona, alhali da hannuna na saka ka a wani wuri.

Yanzu Dutsen Ilu ake ce masa. Yara sun san wanda ya faɗo, ba su san wanda ya sauko da shi ba. Abin yana min ciwo, kuma ina jin kunyar ciwon. Kishi da mamaci, ɗan'uwana, wa ya taɓa ji?

Gobe zan ce wa injiniya ya nemi wani dutsen. Kada ka tambaye ni dalili, ban sani ba.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya haɗa mu inda za ka gaya min ko da gaske ka ga watan.

Amma a rubuta, kuma a gaya wa yara: mu biyu muka hau. Dutsen Ilu da Haladu ne.

Naka har kullum,
Alhaji Haladu mai tifa