Koren Layi a Ƙarƙashin Fentin Toka

Zuwa ga ɗana Magaji, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka da abokan aikinka. Idan ka tambayi tawa lafiyar, alhamdu lillahi. Gwiwoyin suna nan yadda ka san su, ido kuma ya ƙara rauni, shi ya sa na yi kwana huɗu ina rubuta abin da a da zan gama kafin a tashi daga ofis.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙata a jarida. Ba adireshinka na rasa ba, yana nan a cikin akwatina. Abin da na yi maka, a gaban mutanen unguwa na yi shi, don haka ban ga dalilin da zai sa in ɓoye gyaransa a cikin ambulan ba. Maganar motarka ce, kuma ka san ba maganar mota kaɗai ba ce. Shekara uku ke nan rabonka da kwana a gidan nan da son ranka, ni kuwa ina so ka dawo tun ina iya fitowa zaure in tarbe ka.

Ka tuna ranar da ka kawo ta gidanmu na Malali, shekara biyu bayan an koma tuƙi ta hannun dama. 'Yar ƙaramar mota ce ta hannu, mai ƙofa uku, biyu a gefe, ɗaya a baya wadda ake ɗagawa sama kamar murfin akwati. Kujerar direba a yage take, fitila ɗaya kuma ba ta kamawa. Mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta, ta leƙo daga zaure ta ce, "Wannan 'yar gajeriyar ita ce motar?" Daga ranar sunan ya bi ta. Kowa a layinmu Gajeriya yake ce mata.

Ni ma na fito. Na zagaya ta sau ɗaya, na ce Allah ya tsare, na koma ciki.

Daga nan Asabar da Lahadi suka zama nata. Ka tashi da sassafe ka shimfiɗa buhu a gindin dalbejiya, ka jera sifana da sukudireba a kai, babba zuwa ƙarami. Ka fara da inji, kai da Ɗan'azumi, bakanike na bayan tashar Kawo. Da inji ya daidaita sai ka koma kan abin da ka fi so. Ka kai sitiyari wurin baduku ya naɗe shi da jar fata. Ka sa tela ya ɗinka wa kujeru riga da saƙi. Ka ƙara ƙananan fitilu biyu a gaba, ka sassaƙa akwatin katako ka zaunar da kaset a ciki, ka sa hon mai murya uku. A bayanta ka shimfiɗa katako da darduma, domin kayan cefanen mahaifiyarka su daina ɓata wurin.

Sai fenti. Ka yi mata fari tas, sannan ka ja koren layi biyu tun daga fitilar gaba har zuwa ƙofar baya, na sama siriri, na ƙasa mai faɗi. Kwana biyu ka yi kana aunawa da zare kafin ka taɓa burushi. Ina zaune a zaure da carbina, ina ganin komai, ina nuna ban gani ba.

Kai ne ɗan farina, ka san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zama na yi hira da kai ba, ban taɓa yaba maka a gaban idonka ba. Haka mahaifina ya yi mini, na ɗauka haka ake yi. Ga kuma makarantar da na yi. A Midil an koya mana cewa mutumin kirki shi ne wanda ba a jin motsinsa: rigarsa fara, rubutunsa a kan layi, kekensa baƙi. Shekara talatin na yi ina akawu a kan wannan koyarwa. Sai ga ɗana yana shigowa unguwa da hon mai waƙa.

Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci, ni da maƙwabcinmu Alhaji Mamman da wasu dattawa, ka wuce mu a hankali, ka rage gudu ka gaishe mu. Bayan ka wuce sai Alhaji Mamman ya yi dariya ya ce, "Malam, ɗan naka mota ya saya ko akwatin amarya?" Aka yi dariya. Shi ya manta da maganar kafin mu kai gida. Ni na riƙe ta.

Da ofishinku ya tura ka kwas na mako shida a Zariya, ka tafi a jirgin ƙasa ka bar mini mabuɗi. Ka bar mini ne domin ka amince da ni. Kwana uku da tafiyarka na aika aka kira wani mai fenti. Na ce ya shafe motar da fenti ruwan toka, irin na motocin gwamnati. Na sa ya cire hon da ƙananan fitilun da akwatin kaset, na zuba su a buhu na kai ɗakin ajiya. A bakin titi aka yi aikin, mutane suna wucewa suna cewa yanzu ta zama motar manya. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye maka ba.

Mahaifiyarka ta kawo mini abinci ta ajiye, ta ce, "Malam, ba mota ka shafe ba." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Ranar da ka dawo ina gani ta ƙofar zaure. Ka tsaya a gaban motar da jakarka a hannu, ka daɗe. Ka taɓa gefenta da yatsa ɗaya, daidai inda layin yake a da. Sannan ka shigo ka durƙusa ka gaishe ni yadda ka saba, ka ce, "Baba, fentin ya yi kyau." Da ka yi fushi ka ɗaga murya, da na sami abin riƙewa. Wata biyu bayan haka ka nemi canjin wurin aiki, ka rataye mabuɗin a ƙusar zaure, ka tafi. Ko da ka zo zaman makokin mahaifiyarka, kwana uku ka yi, kuma na lura kana kewayawa ta bayan dalbejiya domin kada ka bi ta kusa da motar. Wasiƙunka suna zuwa, layi huɗu ko biyar, gaisuwa da tambayar lafiya. Babu laifi a cikinsu ko ɗaya, amma ba na jin muryarka a ciki.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya faru, domin ba don in sa ka baƙin ciki na ɗauki alƙalami ba.

Ƙarshen daminar bara na fito shan hantsi, na jingina da motar saboda gwiwa. Sai na ga fentin tokar ya kumbura kusa da ƙofar direba, kamar ɓawon gyaɗa. Na sa farce na ɓamɓare. Magaji, kore ne a ƙasa. Korenka, bai ko dushe ba.

Na aika wa Ɗan'azumi. Ya zo a kan babur ɗinsa, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya duƙa ya duba, ya yi ta dariya har da tari. Ya ce mai fentin nan ragon ma'aikaci ne, bai goge na ƙasa ba, bai sa komai a tsakani ba, ya dai lafta nasa a kai da burushi ya tafi. Ya ce, "Malam, ha'incinsa ne ya cece ka." Ya koya mini yadda zan yi: a fara ɗaga ɓawon da 'yar itaciya mai faɗin baki, abin da ya ƙi tashi a bi shi da sanfefa mai laushi, ana tsoma ta a ruwan sabulu, a hankali, ba dannawa. Ya ce zai turo wanda zai yi mini aikin cikin mako ɗaya. Na ce a'a. Ni na sa aka shafe, ni zan cire.

Tun daga lokacin, kullum bayan na karya kumallo sai in fito da kujera 'yar tsugunno da bokiti. Abin da nake iyawa a rana bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, wata rana ma ɗaya. Na gama gefen direba. Na gama ɗaya gefen. Na gama gaba. Saura rufi, wanda ba na iya kaiwa, da rabin ƙofar baya.

Akwai wuri ɗaya da na yi ɓarna, gara ka ji daga bakina. A bayan tayar hagu na danna da ƙarfi, na cinye koren har ƙarfe ya fito, kamar girman kwabo. Ɗan'azumi ya ɗiga masa wani abu don kada ya yi tsatsa. Za ka gan shi, ba ya ɓoyuwa.

Buhun nan ma na fito da shi. Ɓera ya ci wayar kaset, amma fitilun da hon lafiyarsu lau, an mayar da su. Duk ranar Asabar Ɗan'azumi yana zuwa ya tayar da inji, ya bar shi ya yi zafi. Ka san ban taɓa koyon tuƙi ba, iyakata keke. Sai in shiga in zauna a kujerarka, in ɗora hannu a kan jar fatar nan, in saurari ƙarar. Ashe inji ma yana da ranar da yake cikin nishaɗi da ranar da yake gunaguni. Yanzu ina gane bambancin, har nakan gaya wa Ɗan'azumi filogi ɗaya ba ya ci, ya duba ya ga haka ne.

Za ka so ka ji labarin Alhaji Mamman. Shi ne yanzu babban mai ba ni shawara. Yakan jawo tabarmarsa ya zauna, ya ce na bar toka a can, na karkace a nan. Na tuna masa maganar akwatin amarya, ya rantse bai taɓa faɗa ba. Ranar da aka mayar da hon shi ya roƙa a bar shi ya danna. Ya danna sau uku, kajin gidan Hajiya mai ƙosai suka watse, ta fito tana faɗa, mu biyu muka yi tsit kamar ba mu ba. Rabona da dariya irin ta ranar tun mahaifiyarka tana da rai.

Watan jiya ina share cikin motar, sai na ɗaga dardumar baya, na sami littafinka na rubutu a ƙarƙashin katakon. Ban san kana da shi ba. Kowane aiki da ka yi mata yana ciki, da zanensa da awonsa, an ja layi da rula, an sa lamba a kowane shafi. Wanda ka gama ka yi masa alama a gefe. Na daɗe ina kallon rubutun. Irin nawa ne sak. Na yi shekara da shekaru ina ganin ba ka ɗauko komai daga gare ni ba, alhali aikin akawu kake yi a gindin dalbejiya, da sifana maimakon alƙalami.

Shafi na ƙarshe ba shi da alama a gefe. Ka zana kujerar gaba ta mai zaman banza, wadda ke gefen direba, an ɗaga ta da katako yatsa huɗu, da wani mariƙin ƙarfe a saman ƙofa, an naɗe shi da fata. A ƙasa ka rubuta: "Na Baba, saboda gwiwarsa. Bayan kwas."

Na rufe littafin na zauna a wurin har aka kira azahar.

Ɗan'azumi ya ga zanen, ya ce aikin yini ɗaya ne, zai yi mini ranar Asabar. Na hana shi. Na ce kowane abu a motar nan zai iya taɓawa, ban da wannan. Mai shi yana nan da ransa.

Magaji, ban taɓa ba wanda na girma haƙuri ba, ban san yadda ake tsara maganar ba, don haka zan faɗe ta a miƙe. Na yi maka laifi. Ka ba ni amana na ɓata, na fifita dariyar mutane a kan farin cikinka, kuma na ɗauki shekara uku ban ce komai ba. Abin da ka yi wa motar nan yana da kyau. Tun ranar da ka ja layin farko na ga yana da kyau. Ka yafe mini.

Ba na cewa ka bar aikinka. Idan ka sami hutu, ko na mako ɗaya ne, ka zo. Ka hau ka goge mini rufin, ka ɗaga kujerar, ka sa mariƙin. Sannan ka ɗauke ni mu bi ta Kawo a hankali, gilashi a buɗe, ka danna hon ɗinka a duk inda ka ga dama. Zan zauna a gaba, kowa ya gan ni.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a bakin ruwan nan da kake aiki, ya sa hannunka ya ci gaba da gyara duk abin da ya taɓa. Allah ya ji ƙan mahaifiyarka, ya haskaka makwancinta. Allah ya ara mini kwana har in ji tsayawarka a ƙofar gida. Amin.

Ni ne mahaifinka, mai jiran zuwanka,
a Malali, Kaduna.