Muryar da Ke Karanta Sanarwa a Chavanoux

Talata, 29 ga Fabrairu, 1848

Sarkin ƙasarmu ya gudu. Baba Tixier, magajin garinmu, ya aiko a kira ni ina tsakiyar darasi, tunda bayan koyarwa ni ne akawunsa, kuma duk Chavanoux ba mai karanta rubutun Paris ba tuntuɓe sai ni da fadan coci. Na karanta masa takardar da ta zo daga can. Ya sosa ƙeya, ya ce, "To Malam, yanzu wa ke mulki?" Na ce Jamhuriya. Ya ce, "'Yar gidan wa ce?"

Da na koma aji ban iya ci gaba da lissafi ba. Na nuna wa yara murhunmu, wanda kowane yaro ke kawo wa faskare ɗaya daga gida kullum da safe. Na ce haka ƙasa za ta zama: kowa ya kawo nasa, kowa ya sha ɗumi. Na ce sarauta ta faɗi ne don ta toshe kunne. Idanunsu kamar su cinye ni.

Na so in sami wanda zan yi wa wannan murna da yamma. Iya Toinon, mai gidan da nake haya, ta ce in ci miyata kafin ta huce.

Lahadi, 5 ga Maris

Bayan an fito daga coci an kaɗa ganga, na hau dutsen bakin ƙofa na karanta sanarwa: kowane namiji zai jefa ƙuri'a, kowane ma'aikaci zai sami aiki.

Maginanmu na shirin tafiya Paris a ƙasa kamar kowace shekara, amma bana suna ɗari-ɗari, an ce gine-gine sun tsaya. Sylvain Jouannaud, uban Martial na ajina, ya tare ni. "Malam mai farin hannu, ka tabbata akwai aikin nan? Kada in ci takalmina a banza." Na ce rubuce yake, ga hatimi. Ya ce, "To na tafi da bakinka."

Lahadi, 2 ga Afrilu

An ƙara haraji, kusan rabin abin da ake biya. Ni na karanta. Dutse ɗaya, murya ɗaya. Wani daga baya ya ce, "Faskaren ne wannan, Malam? Ina ɗumin?" Aka yi dariya, ba irin mai daɗi ba. Ashe yara sun kai maganata gida.

Litinin, 3 ga Afrilu

Yara sun zo hannu rabbana, ba faskare, ban da ƙalilan. Mun yi karatu cikin riguna masu kauri.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Benci biyu ba kowa. Baba Tixier ya ce ba ruwansa da abin da ke zuciyata, amma in hunturu ya zo aji bai cika ba, majalisar gari za ta nemi wani malami. "Mutane ba su san Paris ba, ɗana. Kai suka sani. A wurinsu wanda ya faɗa shi ya yi."

Lahadi, 23 ga Afrilu

Zaɓe. Duk mazan gari suka jera bayan fadan coci zuwa babban gari, kamar rakiyar gawa. Na cika aljihu da fensir don masu son in rubuta musu sunan wanda suke so. Ba wanda ya nema. An riga an raba musu rubutattun ƙuri'u a coci. Na tafi a ƙarshen layi, na dawo a ƙarshen layi.

Lahadi, 9 ga Yuli

An rufe wuraren aikin da aka yi wa ma'aikata alkawari a Paris, suka fito titi, Jamhuriya ta buɗe musu wuta. Maginan da suka gudo sun ce an kama Sylvain, za a kai shi ƙetaren teku.

Matarsa Léonarde ta zo har ɗakina. Ba ta zauna ba. "Malam, ka ce masa rubuce yake. To karanta mini inda aka rubuta ranar dawowarsa." Ta ce Martial zai bi tumaki, ya fi masa.

Laraba, 12 ga Yuli

Ina ta juya abin. Waccan gwamnati ta sarki ba ta ji mutane ba sai da suka zo ƙofarta da duwatsu. Wannan ta ji, ta yi alkawari tun ba ta duba abin da ke cikin rumbu ba, sannan ta aiko a karɓa daga waɗanda ba ta taɓa gani ba, don ta cika wa waɗanda take tsoro. Yanzu ba ta da waɗannan, ba ta da waɗancan. Da zan sami mai musu da ni a kan wannan, ko da ya kayar da ni ne.

Asabar, 2 ga Satumba

Ba wanda ya zage ni wannan makon. Ba wanda ya gaishe ni.

Litinin, 6 ga Nuwamba

An gama aikin gona, lokacin cikar aji ke nan. Bai cika ba. Iya Toinon ta ajiye mini burodi, ta tsaya a kaina. "Kai dai da karatunka ba ka da wayo. Ka koya musu auna gona da rubuta wa iyayensu wasiƙa. Wa ya aike ka ka so gwamnati? Ni na ga faɗuwar guda nawa, ko ɗaya ba ta zo jana'izar mijina ba."

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Na ce wa Baba Tixier maƙogwarona na ciwo. Mai kaɗa ganga ne ya karanta sabon tsarin mulki, yana cin rabin kalmomin. Na tsaya cikin mutane. Wata mata ta matsa mini wuri.

Da la'asar na bi gida-gida. Lissafi da rubutu kawai zan koyar, na ce. Na faɗa a kowace ƙofa.

Alhamis, 21 ga Disamba

Aji ya cika, har an aro benci daga coci. Majalisa ta bar ni a aikina. Ƙasa ta zaɓi shugaba; garinmu kaf suka ba shi ƙuri'a, don cikin masu takara sunan gidansu kawai suka taɓa ji.

Martial ya dawo, ya yi tsawo. Ana cikin darasi ya ɗaga hannu. "Malam, wannan sabon, shi ma zai faɗi?" Duk suka ɗago suna jira, yadda suke yi da. Ina da amsa, doguwa, na san ta tun daga farko har ƙarshe.

Na ce su ɗauko allunansu.

Sun iya lissafin rabawa sosai yanzu. Wannan ma koyarwa ce, ina tsammani.