Takarda Biyu a Aljihun Koci

Zuwa ga matata Ljubinka,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin 'yarmu Milena, ya jaririn? Ina fata ƙafarki ta daina kumburi.

Ni kam kaina ya ɗaure. A wasannin ƙarshe na kofin ƙwallon kwando, sun ci mu biyu, mun ci ɗaya. In muka faɗi ranar Asabar, kofi ya tafi. Matsalar ita ce Strahinja, yaron da na riƙe da hannuna ranar baftismarsa. Jifa ashirin da ɗaya, biyu kacal suka shiga kwando. Obrad mataimakina ya ce in zaunar da shi a benci ya huce, wai ko buhun dankali ya fi shi motsi. Shugaban kulob ya ce a'a, mai ba shi ƙwallo za a canza. Tsoho Desimir kuwa ya jera mini 'yan wasa da ƙwayoyin sukari a gidan kofi, ya gama bayani ya jefa ƙwayar da ke matsayin Strahinja cikin kofinsa ya shanye.

In na cire shi, da wane ido zan kalli ubansa? In na bar shi, garin nan zai cinye ni ɗanye. Na rubuta sunayen masu farawa a takarda biyu: ta aljihun kwat na dama da shi, ta hagu babu shi. Na yanke shawara ta hagu zan miƙa. Ina jin dai na yanke.

Ki sumbaci jaririn.

Mijinki,
Milisav

Ljubinka tawa,

Ina gaishe ku duka. Ya kwanan mai jego?

Mun ci! Strahinja ya zuba maki ashirin da shida. Amma tsaya ki ji. Da zafi ya ishe ni na cire kwat na rataye a hannu, dama da hagu suka rikice mini, na miƙa wa teburin alƙalai takardar da ba ita ba. Sai ji na yi ana kiran sunansa a lasifika.

Bayan wasa ya rungume ni yana kuka, wai ya san ko duniya ta juya masa baya ni ba zan juya ba, wannan ne ya dawo masa da hannunsa. Obrad yana ta yaɗawa wai na ga abin da ba su gani ba. Uban Strahinja ya aiko da rabin ɗan rago gasasshe, na kasa ci.

Shekara talatin ina wannan aiki, shawarata mafi kyau kwat ce ta yanke ta. Kunya nake ji, Ljubinka, kuma Laraba akwai wasa na biyar.

Ga ɗayar takardar na sa a cikin ambulan. Ki jefa ta a murhu. Strahinja yana yawan zuwa gidanmu, kuma ya san rubutuna.

Naki,
Milisav