Ruwan da Sabuwa Ta Roƙa

Daga Jibo a Lakwaja, zuwa ga Yaya Hansai a Bakori.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gaida maigidanki da yara, da duk wanda bai manta da ni ba a ƙauyenmu na wajen Malumfashi. Bayan haka, yarinyar da Madugu Maiwada zai danƙa miki tare da takardar nan 'yata ce, Sabuwa. Dubi goshinta, na Inno ne sak.

Agana ta shigo mana gari. Ni ba na tsoronta, ta riga ta ci fuskata tun muna yara. Amma Sabuwa fatarta sumul take, kuma tun rasuwar uwarta ita kaɗai gare ni. Ki riƙe mini ita har ciwon ya wuce.

Kin san tun da Fada, limaminmu Bature, ya fanshe ni daga hannun masu bayi na bi addininsa na Katolika, yadda ke ma kika bar tsafin gidanmu kika musulunta. To, yanzu ya rufe coci. Ruwan tsarkin da muke tsoma yatsa a bakin ƙofa ma ya zubar. Ran Lahadi in kaɗa ƙararrawa, shi ya yi ibadar Misa shi kaɗai da tagogi a buɗe, mu kuwa mu durƙusa a fili nesa-nesa kamar tulin doya a gona. Tsofaffi sai kuka suke yi.

A bikin Ista ya kamata a yi wa Sabuwa baftisma, wato a zuba mata ruwa a ka, a raɗa mata suna. Fada ya ce in kawo ta ya yi mata kafin ta taho wurinku, mu uku a ɗaki. Na ce a'a. Ina aka taɓa suna ba taro? Na ɗinka mata farar riga, ga rago ina kiwo. Ya yi ta lallashina, na ce ya yi haƙuri ta dawo tukuna.

Ki huta lafiya. Ƙanenki, Jibo.

*

Daga Hansai a Bakori, ta hannun Malam Abdussamad, zuwa ga Jibo.

Da sunan Allah Mai rahama. Gaisuwa da yarda da aminci. Yarinya ta iso, goshin kuwa na Inno ne, taurin kan naka.

Ka ce ba ka tsoron agana. Wa ya yi jinyarka a bukka kana ihu kamar ɗan akuya, har ni ma na kwasa? Da ka tsorata kaɗan da ya fi mana.

Ba labari mai daɗi zan ba ka ba. Wani ɗan alaro mai ɗaukar kaya a ayarinsu ya faɗi da ciwon a Zazzau. Da suka iso, sarkin ƙofa ya hana su shiga gari, aka yi musu bukkoki a bayan ganuwa. Da yake ina da zanzana an bar ni na koma wurinta, can nake kwana.

Ran Lahadi ta tashi ta yi wanka, ta zauna da carbinta tana kasa kunne. Na ce me kike jira? Ta ce, "Gwaggo, ƙararrawa." Na ce nan Bakori ne, 'yar nan. Ta ƙi cin abinci. Sai na rataya tsohuwar garma a reshen ɗorawa ina buga mata da dutse, ta durƙusa ta fuskanci kudu. Mata masu zuwa itace sun gan ni, an ce Hansai ta taɓu.

Zazzaɓi ya kama ta, ƙurajen sun fara fitowa a fuska. Ba ta kuka da ciwon. Abu ɗaya take maimaitawa, wai ba a zuba mata ruwa ba. Jibo, me ka yi wa yarinyar nan?

Allah ya ba da lafiya. Yayarka, Hansai.

*

Daga Jibo zuwa ga Yaya Hansai.

Ina gaisuwa, amma hannun mai rubuta mini ya fi bakina ƙarfi yau.

Ista ta zo ta wuce ba a buɗe coci ba. Fada ya rasu. Kullum yana shiga bukkokin marasa lafiya, har ciwon ya same shi. Mu biyar masu zanzana muka binne shi, sauran na tsaye daga nesa. Yanzu ba Misa ko ta taga. Ina kaɗa ƙararrawa, mutane su zo su durƙusa wa rufaffiyar ƙofa su tashi.

Yaya, ki saurare ni. Fada ya koya mana cewa in mutum yana bakin mutuwa, kowa na iya zuba masa ruwan, ko da ba namu ba ne, muddin ya nufi abin da mai roƙon yake nufi. Ruwan rijiya ma ya isa. Kalmomin kuwa, Sabuwa ta san su, za ta gaya miki. Na san nauyin abin da nake roƙo, ke Musulma ce, ga miji, ga gari. Amma ni na hana ta, saboda rago da riga. In ta tafi haka ban san inda zan sa kaina ba.

Ina durƙushe gabanki. Jibo.

*

Daga Hansai, ta hannun Malam Abdussamad.

Da sunan Allah. Gaisuwa da ta'aziyya. Jibo, ka yi haƙuri. Sabuwa ta rasu ran wata Lahadi da hantsi, kafin ruwan farko ya sauka. Takardarka ta iso har an yi shuka.

Ni na wanke ta, na naɗe ta da farin zanena. Maza sun yi ta gardama kan inda za a sa ta, wasu su ce ba tamu ba ce, wasu su ce yarinya ce. Maigidana kuwa ya ɗauki fartanya ya haƙa a gindin ɗorawar. Ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Abin da ka roƙa, Malam ya karanta mini, ya yi istigfari, ya ce in gode wa Allah da takardar ta makara ba ta jefa ni cikin jarrabawa ba. Na gode wa Allah.

Carbinta yana hannun Madugu. Har yanzu in na ji an buga ƙarfe a maƙera gabana sai ya faɗi. Ban san ta ba sai da ta zo mutuwa, kuma na so ta kamar ni na haife ta.

Allah ya ba mu dangana. Hansai.

*

Daga Jibo zuwa ga Yaya Hansai.

Na gaishe ki, na gode, Allah ya saka wa maigidanki. Carbi ya iso.

Ciwo ya lafa. An aiko sabon Fada, an buɗe coci, an cika ruwan tsarki. Kowa ya shiga ana waƙa, har da waɗanda ba su zuwa da can. Ni nakan kaɗa ƙararrawa in koma fili in durƙusa inda muke durƙusawa. Ƙafata ta ƙi ƙofar. Sabon Fada ya ce wanda ya mutu yana marmarin ruwan, Allah ba ya mayar da shi. Na ji da kunne, zuciyata ba ta ji ba.

Ragon yana nan ya yi ƙiba, ba na iya kallonsa. Ki gaya mini abu ɗaya, ko da zai kashe ni. Har ta cika tana roƙon ruwan?

Ƙanenki, Jibo.

*

Daga Hansai zuwa ga Jibo.

Gaisuwa. Wannan karon ba Malam ne ya rubuta ba, Madugu ne, shi kuwa bakinsa da nauyi.

Ba ta cika tana roƙo ba. Tun kafin takardarka ta zo ita da kanta ta koya mini. Na ɗebo a randa da ludayi, na tallafi kanta, na zuba sau uku yadda ta ce. Abin da ta faɗa na maimaita. Ban san ma'anarsa ba, ban tambaya ba. Ta ce sunanta Maryamu, na kira ta da shi, ta amsa.

Ni ina nan kan sallata. Abin da ke tsakanina da Ubangijina, ni zan tsaya gabansa, kuma kullum ina neman gafara. Taron da ka so kuwa, ni ce da ita da tsohuwar garma.

Ka yanka ragonka, an yi suna. Ka shiga ɗakin ibadarku. Kada ka sake tambayata.

Yayarka, Hansai.