Ni Na Matsar da Randar Shinkafa

Toishan, ƙasar Sin, wata na tara, 1923

Bing Kwai ɗana, ka ajiye duk abin da ke hannunka ka saurare ni yanzu. Ina gaishe ka, ya shago, ya ciwon bayan naka? Tsoho Fong mai rubutu a kasuwa ke rubuta mini, na ce kada ya gyara mini magana.

An karanta mini wasiƙarka. Wata huɗu ɗanka Suey Lun yana kulle a tsibirin nan na bakin Amurka, wai da jami'an shige da fice suka yi muku tambayoyi amsarku ta saɓa. Kai ka ce randar shinkafarmu tana bayan ƙofa, shi ya ce tana gefen murhu. Shi ke nan wai ba ɗanka ba ne, za su koro shi.

Ni na matsar da ita. Shekara uku da tafiyarka rufin wajen ya fara yoyo, na ja ta gefen murhu, na ɓoye maka don kada hankalinka ya tashi. 

Amma ka tambayar mini su, Baturen da ya sauko daga jirgi, ana tambayarsa inda uwarsa ke ajiye gari? Kai ka ce Turawa a wuni ɗaya suke wucewa. Sanda ubanka ke fasa musu duwatsu ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, yatsu biyu ya baro can, ba wanda ya duba fatarsa. Aiki na ƙarewa ƙirar idonmu ta daina yi musu. In ɓarawo suke tsoro su kama ɓarawo, in ciwo ne su auna shi. Yaron nan me ya yi, ban da an haife shi a gidanmu?

Matar Gee maƙwabcinmu ta ce wani ya rataye kansa a can da aka ce za a koro shi. Kai ba ka san Suey Lun ba, ni na raine shi. Shiru-shiru ne, zai ɗauka shi ya kunyata gida.

Ga yatsana na dangwala don shaida, ka kai wa lauya. Amma kafin lauya, ka nemi mai dafa abincin tsibirin da ka ce yana shigar da saƙo. Suey Lun za a fara gaya wa: gaskiya ya faɗa, kada ya canja ko kalma ɗaya.

Uwarka,
Yee Shee